Auren da Chindo Ya Ɗaura a Filin Lakwal

"Ka ce 'na ba ka', ko ba ka ce ba?"

"Yaya, ka tsaya ka ji yadda abin..."

"Chindo, tambaya guda na yi maka."

"Na ce. Amma madan ce ta ce in ce."

"Madan ce ta ce ka ƙara da 'cinta da shanta da suturarta duk bisa kanshi'?"

Chindo ya sunkuyar da kai yana gyara hula. "Wannan ni na ƙara, don abin ya yi armashi."

Ni kuwa ina zaune bisa tabarmata gindin dogon yaro, ina tsinke zogale kamar ba da ni ake ba. Duka biyun ɗiyana ne. Mato shi ne babba, mai motocin lodi, mai gidan nan da muke ciki a Konni. Chindo ƙanenshi ne, tela, wanda tun yana ƙarami in anka tara mutum uku sai ya hau turmi ya yi masu jawabi. Ni ce Tsahara, uwarsu. Unguwa ta san ni, kuma ni ma na san unguwa fiye da yadda take so.

"Inna," Mato ya juyo gare ni, "ke da na tura ki tsare ta, ina kike sa'ad da anka yi wannan?"

"Ina nan kusa," na ce.

"Mi kike yi?"

"Guɗa."

Ya dube ni, ya dubi sama. Da wani ne ya ba shi amsar nan da ya sha zagi, amma ba a zagin uwa. Sai ya huce bisa yarinyar da ke tsaye bakin madafa tana murza gefen mayafi.

"Fauziyya, ki ji da kyau. Ranar Asabar ko ƙofar lakwal ɗin nan ba ki zuwa. Su nemi wata amaryar."

Bari in koma baya kaɗan, don ku iyaye masu ɗiya a lakwal, wato makarantar boko, ku san abin da ke jiranku ranar da yaro ya shigo yana washe baki ya ce an zaɓe shi cikin teyatur, wasan kwaikwayo ke nan.

Fauziyya jikata ce, ɗiyar farin Mato da matarshi Saude. Shekararta ta ƙarshe ke nan a lise, babbar sakandare, bana za ta yi bak, jarrabawar fita. Yarinya ce da in baƙo ya yi sallama sai ta ɓoye bayan randa. Amma tana da murya. Ni kaɗai na sani, don ɗakina yana jingine da makewayi, kuma can take sakinta in tana wanka. Wata malamarsu, Madan Zuwaira, ta ji ta wata rana tana rera wani abu wajen shara, ta kama hannunta ta ce ita ce za ta ja wasan ƙarshen shekara. Wasa ne na waƙa daga farko har ƙarshe. Wata mai tallan fura ce da wani mai lambun albasa na Badaguishiri, suna faɗa suna shiryawa cikin waƙa, a ƙarshe a yi biki.

Mato ya ƙi da fari. Da madan ta zo har gida ta durƙusa ta gaishe ni, ta yi mashi bayani, sai ya yarda da sharaɗi guda: duk ranar da za su gwaji, Inna ta bi ta. Yaron nan ya girma a hannuna amma har yau bai gane wa ya kamata a sa wa mai tsaro ba.

Abu na farko da za ku gani shi ne kayan gida su fara tafiya. Ƙwaryar furar Saude ta tafi, ludayi ya bi ta. Tsohuwar babbar rigar Mato ta tafi. Wata safiya na nemi faifaina na rasa, sai can na gan shi bisa kan wata ɗiyar jandarma tana rawa da shi. Bayan haka sai waƙa ta cika maku gida. Ana daka ana waƙa, ana wanke-wanke ana waƙa, baiti guda sai a maimaita shi har awaki su haddace. Ku aje citta da zuma, don murya na dushewa. Kuma ku shirya ganin yaronku ya zama wani. Wata biyu da farawa, Fauziyya ta tsaya gaban mai kayan miya ta dube shi cikin ido ta ce tattasainshi ruɓaɓɓe ne. Har gida na zo ina dariya.

Abin da ba wanda ya gaya mani shi ne a kiyayi kawo ɗan'uwa mai son taro wurin gwaji.

Ranar Talata da yamma anka zo gwada fagen ƙarshe, na biki. Yaron da ke fitowa a waliyyin amarya bai zo ba, an ce ya tafi taya ubanshi cirar albasa. Daidai nan Chindo ya iso da babur ɗinshi zai kwashe mu. Madan ta ce, "Baba, don Allah ka tsaya mana nan wurin, kalma biyu ce kawai." Wanda ya san Chindo ya san ba ya da kalma biyu. Ya kafe babur, ya karɓi babbar rigar yayanshi ya zuba, ya naɗe ƙafa bisa tabarma, ya yi gyaran murya irin ta manyan mutane.

Angon wasan wani yaro ne Junaidu, dogo siriri kamar karan dawa, maƙogwaro na hawa yana sauka. Wani ɗan ajinsu ya zauna a wakilinshi ya ce suna nema wa Junaidu auren Fauziyya. Kun ji fa, sunansu na gaskiya ya faɗa, don ya manta na wasan. Chindo kuwa ya ce ya ba su. Ya jero ci da sha da sutura, ya tambayi jama'a ko sun shaida, yara sunka amsa da ƙarfi sun shaida. Mai gadin lakwal, wani dattijo Sadiƙu da ke ladanci a masallacin bayan kasuwa, yana zaune yana gyangyaɗi. Da kunnenshi ya ji kalmomin da ya saba ji, sai hannuwanshi sunka tashi da kansu, ya ce, "Fatiha." Kowa ya ɗaga hannu, har mata masu ƙosai na bakin ƙofa.

To ni mi zan yi? An shafa Fatiha, ga goro a haɓar zanena. Na kwance na rarraba, na kama hanci na rangaɗa guɗar da rabona da irinta tun bikin Chindo. Madan tana ta tafi tana cewa fagen bai taɓa yin kyau haka ba.

Da munka dawo gida na leƙa ta katanga na ba maƙwabciyata Takama labari. Na ce mata, "Yau na aurar da jikata ba ki zo ba." Na gaya mata wasa ne, Allah shaida, amma a ƙarshe na faɗa, kuma Takama ba ta cika jiran ƙarshen magana ba. Wanshekare Laraba, kasuwar Konni ta ci. Kafin azahar labarin ya zaga rumfar masu atamfa, ya gangara tashar mota, ya hau kamiyon siminti.

Da la'asar mata sunka fara sallama. Wata ta kawo kwanon samira, wata ta kawo sabulu, kowace da ƙorafin an yi abu a ɓoye ba a gaya mata ba. Saude ta rasa inda za ta sa fuskarta. Uwar Junaidu ta aiko ƙanwarta ta ce su dai ba su da ɗaki tukuna, yaron da ƙannenshi yake kwana, a yi masu haƙuri zuwa kaka.

Sai kuma Sharifu. Shi ne manemin Fauziyya na gaskiya, direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana ɗauko siminti daga Malbaza. Ita ta gan shi ta ce ya yi mata, manyanshi sun zo gaisuwa, an aje magana sai ta gama bak. Yaro ne mai hankali, ba ya zuwa gidan nan hannu sake, ko da yaushe da ƙullin goro na. Ina ce mashi angona, yana ce mani amaryar da ba ta tsufa. Shi ya saya mata salula, kuma da yake Mato ba ya son ganinta da ita, ƙarƙashin matashina take kwana. Na yi yaƙi da jahilci zamanin da anka kawo shi unguwarmu, ina haɗa baƙi sannu-sannu. Ba laifina ba ne in abu ya yi ƙara ƙarƙashin kaina.

Saƙon farko ya ce: "Barka da aure. Da kin gaya mani da na kawo siminti gudummawa."

Da ta shigo na miƙa mata kamar ban gani ba. Ta karanta, ta zauna bakin gado ta rubuta: "Teyatur ne wallahi."

Ba a jima ba ta sake ƙara. "Fatihar ma teyatur ce?"

"Kaka," ta ce, idonta ya cika, "ke kin san yadda na wahala da waƙoƙin nan."

Na sani. Ranar da ta fara tsayawa gaban yara muryarta ko sauro bai ji ba, madan ta yi ta tura ta can ƙarshen fili tana cewa ta rera har mai gadi ya ji. Yanzu in ta ɗauko baitin da mai fura ke ce wa mai lambu,

"Ka zo da warin albasa,
ka ce turare ka shafa,
tsaya daga nan in auna ma,
kada furata ta ɗauka,"

masu kabu-kabu kan kashe babur a bakin titi su saurara. Wannan ne Mato ya ce a bar wa wata.

Mu dawo tsakar gida ranar Alhamis. Bayan ya yanke hukuncinshi, Mato ya aika a kira Malam Labbo limamin unguwa, don abin da ke cin shi a rai ya fi surutun mata. Tsoro yake kada a ce auren ya ɗauru. Ya taɓa ji a wa'azi cewa aure ba a yi mashi wasa, wasanshi gaske ne, kuma tun jiya bai ci tuwon kirki ba.

Malam ya zo, anka shimfiɗa mashi buzu a zaure. Ni ma na ɗauki zogalena na bi su. Mato ya ce, "Inna, maganar maza ce." Na ce mashi ni na haifi mazan.

Malam Labbo tsoho ne mai sanyin magana. Ya sa Chindo ya maimaita duk abin da ya faɗa, shi kuwa ya miƙe zai sake gyaran murya, sai da Mato ya jawo rigarshi ya zauna. Malam ya saurara yana shafa gemu, ina ganin gefen bakinshi na motsi.

"Alhaji Mato, kai ka wakilta ƙanenka ya ba da auren ɗiyarka?"

"Ni? Babur na ce ya kai ya ɗauko su."

"Uban yaron ya san ana nema wa ɗanshi aure?"

"Yana Galmi wajen albasa," in ji Chindo.

"To babu aure. Uba na raye, yana cikin gari, da hankalinshi, ba wanda ke ba da ɗiyarshi sai da izininshi." Ya juya ga Chindo. "Amma kai, kalmomin nan ba na wasa ba ne. A gaya wa malamar ta cire su. A yi kiɗa, a yi guɗa tunda akwai masu iyawa," ya ɗan dube ni, "amma kada a kama sunan kowa, kada a shafa Fatiha. Ladan kuma zan gan shi da kaina."

Mato ya sauke numfashi har kafaɗunshi sunka faɗa. Ya yi godiya, ya raka malam ƙofa, ya dawo. Na zaci an gama. Sai ya ce, "Duk da haka ba ta zuwa. An yi da mu a kasuwa, ya isa. Ta zauna gida har maganar ta mutu."

Fauziyya na bayan ƙofar zaure, na ji ta ja hanci. Saude na tsaye nesa da tsintsiya a hannu. Fauziyya ɗiyarta ta fari ce, ko sunanta ba ta kamawa, balle ta buɗe baki ta roƙa mata. Amma na san tun shekaranjiya ta fiddo leshinta mai ruwan goro daga ƙasan akwati, wanda ko ni ba ta ara mani, ta goge shi ta aje bisa gadon yarinyar ba ta ce komi ba. Ta dube ni sau guda ta ci gaba da shara inda babu datti.

Na aje faranti.

"Mato, kai ka san mota, ni na san magana. Wa ke zama cikin ɗaki ba ta fita bayan an shafa Fatiha?"

Ya juyo ya dube ni.

"Amarya," na ce. "Ka kulle ta ranar Asabar, Takama za ta ce an sa ta lalle. Lahadi a ce ta tare. Kafin watan gobe za a ce an gan ta tana tofar da miyau. Kana iya bin rumfa-rumfa kana rantsuwa, kowa zai ce maka to, ka juya baya su ce Alhaji na jin kunyar surukin da ya samu."

"To ya kike so in yi, Inna?"

"Ka bar ta ta hau. Duk wadda ta kawo kwano ta zo ta ga ango da gemun auduga, ta ga ɗiyar jandarma da faifaina. In sun yi dariya sun gama, ba mai sake ɗaukar maganar, don ba daɗi gare ta ba kuma. Kai ma ka zo ka zauna gaba inda kowa zai gan ka."

"Ni in zauna kallon rawa?"

"Ka taɓa jin ɗiyarka na waƙa?"

"Ina ji kullum, ta hana ni jin rediyo."

"Wannan ta gida ce. Ka zo ka ji ta fili."

Ya daɗe yana juya makullin mota a yatsa. Can ya ɗaga murya ba tare da ya waiwaya ba. "Ke, na san kina nan bayan ƙofa. Ki je. Amma mayafinki bisa kanki daga farko har ƙarshe, kuma Chindo ko inuwarshi kada in gani a lakwal ɗin nan."

"Yaya, ai na riga na kai rigar wajen guga," in ji Chindo.

"Rigata ce. Ka maido mani."

Fauziyya ta shigo ta durƙusa ta ce, "Na gode, Baba," murya can ƙasa kamar ta da. Tana fita na ji ƙafafunta sun bar ƙasa.

Saura mutum guda. Bayan la'asar na ji tsayuwar kamiyo a bakin titi, irin tsayuwar da ke sa kwanoni kaɗawa. Sharifu ya yi sallama ya wuce ɗakina kamar yadda ya saba, don nan suke zance ina zaune ina kaɗa carbi, kunnena a buɗe. Ko wanka bai tsaya yi ba, girarshi fari fat da siminti. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya aje ƙullin goro, amma bai ce amaryar da ba ta tsufa ba.

"Angona, yau ba fara'a? Ko kai ma ka ji na raba goron wani?"

"Kaka, tun daga Malbaza ake yi mani barka. Yaran mota har waƙa sunka yi mani."

"Da daɗi?"

Ya kauda kai. Fauziyya ta shigo da ruwa a kofin silba, ta sha atamfa shuɗiya da kallabinta, ta zauna can gefen gado. Ta gaya mashi abin da malam ya ce, ta gaya mashi Baba ya yarda. Ya sha ruwan ya aje.

"Na ji babu aure. Amma ni ban so ki hau."

"Don mi?"

"Don in kin hau, gari duka zai ga wani yana kiranki amarya."

"Junaidu ne fa. In na dube shi da ƙarfi sai ya manta baitinshi."

"Ko wane ne. Ni ban taɓa jin kin yi mani waƙa ba, sai in ji ta tare da masu ƙosai?"

A raina na ce ashe nan ciwon yake. Na so in sa baki, amma na ga yarinyar ta ɗago kai, ta dube shi irin duban da ta yi wa mai tattasai, sai na ci gaba da jan carbina.

"Sharifu, ka ce za ka jira ni in gama lakwal, wannan ma cikin lakwal yake. Wata uku ina koyon tsayawa gaban mutane ba tare da ƙafata ta yi rawa ba. Zan hau."

"Ko na ce ban so?"

"Ko ka ce. Amma in ka zo, wajen da kake zan riƙa dubawa."

Wallahi sai da na ƙware da miyau. Yarinyar da ke ɓoyewa bayan randa. Shi kuwa kunnuwanshi sunka yi ja ƙarƙashin siminti. Ya miƙe tsaye, ya kakkaɓe wando, ƙura ta tashi ta sauka bisa shimfiɗata.

"Shi ke nan. Tunda abin haka ne, ki yi abin da kika ga dama. Kaka, na tafi."

"Ka gaida Malbaza," na ce.

Ya kai bakin ƙofa ya kama ta, sai ya tsaya, bayanshi gare mu.

"Da wane lokaci ne?"

"Bayan la'asar," in ji Fauziyya.

"Ana barin kamiyo ya tsaya bakin lakwal?"

"Akwai fili ta bayan masallaci."

"To ni ba ni zuwa," ya ce, ya fita ya maka ƙofar langa-langata har 'yan tsakin Saude sunka watse.